Yadda za ka gwada manhajar ƙaramin allo a kwamfuta, kuma ka san ainihin gudunta

Da zarar zangon aikin kammala karatu ya kama, ɗaliban injiniya a Samarun Zariya da na kwalejin Nuhu Bamalli sukan shiga neman abu guda: ƙaramin allo mai launi da za su liƙa a jikin na'urar da suka ƙera. Wannan injin ƙyanƙyasar ƙwai yake haɗawa, wancan na'urar lura da batirin sola, wata kuma mai kunna famfon ban ruwa. Masu gyaran inbata a Sabon Gari ma wasunsu sun fara leƙa harkar. Sai dai allon ba a kowane shago yake ba, galibi sai an yi odarsa daga Legas ko Caina. In ya iso, ɗaya ne a hannun mutum huɗu. Kuma duk sanda ka matsar da maɓalli ko ka canza launin rubutu, sai ka sake harhaɗa kod, ka tura shi cikin bod ɗin da ke tuƙa allon, ka zauna jira kafin ka ga abin da ka yi.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Kod ɗin nan da zai zauna a cikin ƙaramin cif irin ESP32 ko STM32, za ka iya harhaɗa shi ya gudana a laftof ɗinka, ya buɗe ƙaramar taga daidai girman allon, linzamin kwamfuta ya tsaya a matsayin yatsa. Ina ƙarfafa wa kowa gwiwa ya yi aiki haka. Amma dole in faɗa tun daga farko cewa laftof tana gaya maka ko zanenka ya yi daidai ne, ba ta gaya maka ko zai yi sauri a bod. Adadin firem, wato sau nawa hoto ke sabuntuwa a sakan, da take nunawa nata ne, ba na na'urarka ba. Rabin wannan jagorar a kan kafa tagar gwaji yake, rabi mafi muhimmanci kuma a kan yadda za ka tatso gaskiyar gudu daga cikinta.

Zan yi misali da LVGL, laburaren zane da aka rubuta da yaren C, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Hangari, Gábor Kiss-Vámosi, ya fara fitarwa a 2016. Kyauta ne, lasisinsa MIT, kuma yana aiki da kusan kowane cif. Siga ta 9 ta fito a farkon 2024, sunayen saituttukan da zan ambata nata ne. Wanda yake amfani da TouchGFX na kamfanin ST ko emWin na SEGGER shi ma yana da irin wannan tagar gwaji, kuma lissafin da za mu yi bai canza ba. Na'urar misalinmu injin ƙyanƙyasa ne: allo mai fiksel 320 a 240, yana nuna zafi, danshi, da kwanakin da suka rage cikin 21.

Mataki na farko: raba kod ɗinka gida biyu

Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke hana komai tafiya daga baya. Idan a cikin fayil ɗin da ke zana maɓalli ka rubuta umarnin kunna ƙafar cif kai tsaye, to laftof ba za ta iya harhaɗa shi ba, don ba ta da wannan ƙafar.

Ka buɗe folda ɗaya ta zane zalla. Duk abin da ke cikinta LVGL kawai ya sani. Idan tana bukatar zafin cikin injin, ta kira wani aiki mai suna, misali, karanta_zafi. Idan tana son kunna hita, ta kira kunna_hita. Waɗannan ayyukan ka rubuta su sau biyu. Na bod su ne ke magana da ainihin ma'aunin zafi da rile, wato makunnin da ke ba hita wuta. Na laftof kuwa kwaikwayo ne kawai: karanta_zafi ya dawo da 37.5, ko ya riƙa hawa da sauka a hankali, kunna_hita kuma ya rubuta layi guda a tamina, tagar da ake buga umarni.

Kada ka raina wannan kwaikwayon. Da shi za ka ga abin da allonka zai nuna idan ma'auni ya cire, ko zafi ya kai digiri 42, ko adadi ya zama mai lamba uku ya cika akwatinsa ya fita. A kan injin gaske ba za ka dafa ƙwai don ka gwada saƙon gargaɗi ba.

Mataki na biyu: kafa kayan aiki

Tagar da za ta tsaya a madadin allo, laburaren SDL2 ne ke buɗe ta. A Ubuntu ko Linux Mint layi ɗaya ya isa:

sudo apt install build-essential cmake git libsdl2-dev

A Windows kana da zaɓi. Ko ka saka MSYS2 ka ɗauko gcc da cmake da SDL2 ta cikinsa, ko ka yi amfani da Visual Studio da aikin da masu LVGL suka tanada dominsa, ko kuma, in Windows 11 gare ka, ka yi komai a cikin WSL2, wanda ke iya buɗe tagogin Linux. Ga mai tsohuwar laftof mai ram giga 4, MSYS2 ya fi sauƙin ɗauka.

Sai ka sauke aikin gwajin da ke GitHub mai suna lv_port_pc_vscode. Yana jawo LVGL ɗin kansa a matsayin ƙaramin ma'aji a ciki, don haka ka haɗa da --recursive wajen saukewa. Saboda tsadar data, ka ƙara --depth 1 da --shallow-submodules don kada ya jawo maka tarihin shekaru da ba ka bukata. Mutum ɗaya a rukuni ya sauke, sauran su kwafa a filashi. Hakan ma yana da wani amfani: kowa zai kasance a kan siga ɗaya. Ka tabbata sigar LVGL da ke laftof ita ce a bod, domin tsakanin ta 8 da ta 9 sunayen ayyuka da yawa sun canza.

Harhaɗawa:

cmake -B build -DCMAKE_BUILD_TYPE=Release
cmake --build build -j

In taga ta buɗe da zanen nuni, ka wuce wannan matakin. A cikin main.c ka cire kiran zanen nunin, ka saka naka, ka ba tagar faɗi 320 da tsayi 240.

Mataki na uku: talauta laftof ɗin

Yadda aikin gwaji yake zuwa, an sake masa mara: launi mai yalwa, ma'ajiya babu iyaka. Aikinka shi ne ka ƙuntata shi har ya yi kama da bod. Duk wannan a fayil ɗin lv_conf.h ake yi, kuma abin da ya fi shi ne bod da laftof su yi tarayya a fayil ɗaya, a bambanta 'yan layuka kaɗan kawai.

Ka mayar da LV_COLOR_DEPTH zuwa 16. Yawancin ƙananan alluna tsarin RGB565 suke bi: bit 5 na ja, 6 na kore, 5 na shuɗi, launuka 65,536 ke nan, ba miliyan 16 na laftof ba. Da ka yi haka za ka ga launin da ka sa ya narke daga shuɗi zuwa fari ya zama layi-layi. Gara ka gani yanzu.

Sai ma'ajiya. Ka sa LV_USE_STDLIB_MALLOC ya yi amfani da mai rabon ma'ajiya na cikin LVGL, sannan ka ba LV_MEM_SIZE adadin da za ka iya bayarwa a bod, misali kilobait 48 ko 64. In ka bar shi yana ɗiba daga ram ɗin laftof, za ka ƙirƙiri shafuka ashirin lafiya lau, ranar da ka tura bod ya tsaya cak a shafi na uku. ESP32 na asali kilobait 520 gare shi gaba ɗaya, kuma WiFi da tsarin gudanarwa suna cin kaso mai tsoka. RP2040 na Raspberry Pi Pico yana da 264. STM32F103 ɗin nan mai shuɗin bod 20 kacal yake da su. Ka kuma sani cewa a laftof mai bit 64 kowane manuni, wato adireshin wuri a ma'ajiya, bait 8 yake ci, a cif mai bit 32 kuwa bait 4. Don haka adadin da za ka gani a laftof zai ɗan haura na bod. Wannan kuskure ne mai fa'ida: in ya shige a laftof, zai shige a bod.

Sai yanayin zane. LV_SDL_RENDER_MODE ka mayar da shi na yanki-yanki, wato wanda sunansa ya ƙare da PARTIAL, in haka bod ɗinka zai yi aiki. Kada ka kunna wani abin hanzarta zane da katin hoto na laftof, domin cif ɗinka ba shi da shi.

A ƙarshe ka kunna masu sa ido: LV_USE_SYSMON, da LV_USE_PERF_MONITOR, da LV_USE_MEM_MONITOR. Za ka ga ƙananan rubutu a kusurwar taga: firem nawa a sakan, kaso nawa na lokaci aka ci, milisakan nawa zane ya ɗauka, nawa turawa ta ɗauka, ma'ajiya nawa ta rage.

Girman tagar kansa yana yaudara. Allo mai inci 2.8 da fiksel 320 a 240 yana da fiksel kusan 143 a kowane inci. Laftof mai inci 15.6 da 1366 a 768, wadda ita ta fi yawa a hannun ɗalibanmu, kusan 100 take da su. Ma'ana rubutun da kake karantawa cikin sauƙi a laftof zai ƙanƙance da kusan kashi ɗaya cikin uku a allon gaske. Ka yanki kwali daidai girman allon ka ajiye kusa da kai. Linzami kuma yana da tsini, yatsan manomi ba shi da shi, ballantana a kan allon taɓawa mai arha irin mai cif XPT2046. Maɓallin da bai kai fiksel 50 a kowane gefe ba, a wannan allon, zai ba mutane wahala.

Mataki na huɗu: lissafin waya

A nan maganar take. Wani ɗalibi ya zo mini da laftof a hannu ɗaya, bod a ɗayan, ransa a ɓace.

"Malam, a nan firem talatin yake nunawa daidai, ko motsi ba ya yi. Na tura bod, in na ja shafi sai ya riƙa tsalle. Ko allon jabu aka sayar mini?"

Na ce ya juya allon mu ga bayansa. An rubuta sunan cif ɗin allon, ILI9488, 480 a 320. Na ce, "Ɗauko biro, allonka lafiyarsa ƙalau."

Ga abin da muka rubuta, kuma shi nake so kowa ya yi kafin ya sayi allo. A laftof, hoton da aka zana kwafe shi kawai ake yi daga wani sashe na ram zuwa wani, cikin ƙiftawar ido. A bod kuwa sai kowane fiksel ya bi ta wayar SPI da ke haɗa cif da allo, bit ɗaya bayan ɗaya. Allo mai 320 a 240 yana da fiksel 76,800. Kowanne bait 2, ya zama bait 153,600, wato bit 1,228,800. In SPI tana gudu a megahaz 40, tura cikakken allo sau ɗaya zai ci kusan milisakan 31. Ko da cif ɗinka bai ɓata ko daƙiƙa wajen zane ba, ba za ka wuce firem 32 a sakan ba in dukan allo ke canzawa. In dogayen wayoyin gwaji suka tilasta maka saukowa zuwa megahaz 20, ka koma 16.

Allon ɗalibin nan ya fi haka nauyi. ILI9488 a kan SPI ba ya karɓar launi mai bit 16, sai mai 18, wanda ake turawa a bait 3 kowane fiksel. Fiksel 153,600 sau 3 ya ba da bait 460,800. A megahaz 40, kusan milisakan 92 ke nan, firem 10 ko 11 a sakan. Da mai ST7796 ya saya, girma ɗaya amma yana karɓar bait 2, da ya samu kusan milisakan 61. Babu wani gyaran kod da zai faɗaɗa wannan wayar. Abin da ya rage shi ne a rage abin da ake turawa.

Shi kuma talatin ɗin da laftof ta nuna masa, ba iyakar ƙarfinta ba ne. LVGL yana da saiti mai suna LV_DEF_REFR_PERIOD, wanda yake zuwa a milisakan 33. Shi ke cewa a sabunta allo sau 30 a sakan. Laftof tana gama aikin cikin milisakan ɗaya ko biyu, ta zauna jiran sauran. Zane mai sauƙi da zane mai nauyi duk talatin za su nuna maka.

To me za ka auna a laftof wanda zai zama gaskiya a bod? Yawan fiksel da ake sake zanawa. Wannan adadin iri ɗaya ne a ko'ina, domin kod ɗaya ne ke yanke shawarar wane yanki ya ƙazantu. LVGL ba ya sake zana dukan allo sai in an tilasta masa. Yankin da ya canza kawai yake taɓawa. Akwatin lambar zafi mai faɗi 120 da tsayi 40 fiksel 4,800 ne, turawarsa ba ta kai milisakan 2 ba. Dubi tazarar da ke tsakanin 2 da 31.

Hanya biyu ake ganin wannan. Ta ido: ka kunna LV_USE_REFR_DEBUG, duk yankin da aka sake zanawa zai riƙa walƙiya da wani launi daban. Ka zauna ka kalli allonka ba tare da ka taɓa komai ba. In ka ga rabin taga tana walƙiya alhali lamba ɗaya ce ke canzawa, ka kama ɓarawon. Ta lissafi kuma: a cikin aikin da ke miƙa zane ga taga, inda ake ba ka kusurwoyin yankin, ka ninka faɗi da tsayi, ka tara, ka buga jimlar kowace sakan. Ka ninka da 16, ka raba da gudun SPI ɗinka. Abin da ya fito shi ne kason kowace sakan da wayar za ta cinye. In ya haura ɗaya, bod ba zai iya ba, komai kyan da laftof ta nuna.

Ina ma ba da shawarar ka ƙara taki ɗaya. A wannan wurin dai, ka sa jinkiri na ganganci daidai da lokacin da lissafi ya bayar. Nan take tagar laftof za ta fara jan ƙafa irin na bod, kuma idonka zai fara ƙin motsin da ba shi da amfani tun kafin allo ya iso Zariya.

Mataki na biyar: rage nauyin zane

Bayan waya sai aikin cif ɗin kansa. ESP32 a megahaz 240 yake gudu, STM32F429 a 180, laftof kuwa tana cikin dubbai, da ƙwaƙwalwa da yawa da ma'ajiyar kusa mai girma. Ba za ka iya cewa "bod ya fi jinkiri sau kaza" ka ninka ba, domin ba kowane aiki ne ke raguwa daidai da wani ba. Abin da laftof za ta iya gaya maka shi ne wane shafi ya fi wane nauyi, kuma wane gyara ya rage, wane ya ƙara. Ka rubuta milisakan na zane na kowane shafi, ka jera su. Jerin nan galibi yakan riƙe a bod ko da adadin ya canza.

Masu cin lokaci sanannu ne. Inuwa a ƙarƙashin maɓalli, musamman mai faɗi. Sanya dukan akwati da 'ya'yansa su zama rabin bayyane, domin sai an zana su a wata ma'ajiya daban kafin a gauraya. Juya hoto ko ƙara masa girma yayin gudana. Hoton PNG ko JPEG da sai an warware shi duk sanda za a nuna. Gara ka mayar da shi jerin bait na C a tsarin RGB565 tun a laftof, in fulash ɗinka, wato ma'ajiyar da kod ke zaune, zai ɗauka. Sai sauya shafi ta hanyar zamewa, wanda ke taɓa kowane fiksel a kowane firem. Ga injin ƙyanƙyasa da za a ajiye a ɗakin kaji a Shika, shafi ya canza farat ɗaya ya fi masa. Mai kiwon yana son ya ga 37.5 daga bakin ƙofa ne.

Akwai wani ƙaramin abu mai yawan faruwa. Ma'auni yana ba da karatu sau goma a sakan, mai kod kuma yana sake rubuta lambar a allo duk sau goman, ko ta canza ko ba ta canza ba. Kowane kira yana ƙazanta yankin. Ka ajiye tsohon adadi, ka kwatanta, ka rubuta sai in ya bambanta. Zafin cikin inji ba ya sauyawa da gudun da ido zai bukaci fiye da sau ɗaya ko biyu a sakan.

Rubutun Hausa ma yana da nasa lissafin. Salon harafin Montserrat da LVGL ke zuwa da shi ba ya ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. In ka rubuta "ƙwai" za ka ga gurbi ko akwati a farkon kalmar, kuma tagar laftof za ta nuna maka hakan tun ranar farko. Ka ɗauki salon da ke da su, kamar Noto Sans ko Andika, ka mayar da shi tsarin LVGL da manhajar lv_font_conv, ka zaɓi haruffan da kake bukata kawai: na yau da kullum daga 0x20 zuwa 0x7E, sai 0x181, 0x18A, 0x198, 0x199, 0x1B3, 0x1B4, 0x253, 0x257, da alamar digiri 0xB0, da ta naira 0x20A6 in akwai kuɗi a allon. Ga manyan lambobin zafi, ka yi salo daban mai lambobi goma da ɗigo kawai. Zai rage maka fulash sosai. Ina jin daɗi ƙwarai in na ga na'urar da aka ƙera a nan tana magana da Hausa daidai, da lanƙwasarta.

Idan laftof ɗin ce da kanta ke jan ƙafa

Wani lokaci matsalar a juye take: tagar gwaji ce ke tafiyar hawainiya alhali zanen ba shi da nauyi. Ka fara duba yadda ka harhaɗa. Harhaɗawar neman kuskure, wadda ba a inganta ba, tana iya ninka lokacin zane. In kana aunawa, ka yi da Release. AddressSanitizer, wanda ake kunnawa da -fsanitize=address, yana rage gudu kusan rabi. Ka riƙa amfani da shi sosai, domin yana kama rubutu a wajen iyakar ma'ajiya da amfani da abin da aka riga aka goge, kurakuran da a bod sai dai ka ga na'ura ta sake tashi ba bayani. Amma ka kashe shi lokacin awo. Haka ma yawan buga saƙo a tamina.

In Linux ɗinka a cikin VirtualBox yake, nuna tagar ma aiki ne a kan furosesa, don haka adadin zai faɗi. A Windows kuma, agogon tsarin yakan yi taku na kusan milisakan 15.6, sai jinkirin milisakan 5 da ka nema a cikin zagayen lv_timer_handler, aikin da ke tafiyar da LVGL, ya zama 15. Ka kuma duba cewa agogon LVGL yana samun lokaci na gaskiya daga tsarin, ba wai kana ƙara masa 5 da hannu a kowane zagaye ba. In ka yi haka, motsi zai yi sauri ko jinkiri gwargwadon nauyin kwamfuta.

Sai wutar lantarki. Laftof tana rage gudun furosesa da zarar ta koma kan batir, tana kuma ragewa in ta yi zafi, abin da ba baƙo ba ne a watan Maris da Afrilu. Awon da ka yi da safe da wuta, da wanda ka yi da rana bayan an ɗauke, ba za su kwatantu ba. Ka auna kafin gyara da bayan gyara a zama ɗaya, a yanayi ɗaya.

Mataki na shida: komawa bod

Kada ka jira sai ka gama komai. Ranar da allo ya iso, ka tura shafi ɗaya mafi nauyi, ka bar masu sa idon nan a kunne, ka kwatanta da lissafinka.

Abu na farko da ka iya ba ka tsoro shi ne launi. In rubutu ya fito da gefuna masu launin banza, shuɗi ya koma wani abu daban, to bait biyun kowane fiksel ne ke isa a juye. Allunan SPI babban bait suke so ya fara zuwa. A siga ta 9 ana kiran lv_draw_sw_rgb565_swap kafin turawa. In ja da shuɗi ne kawai suka yi musaya, saitin jerin launi ne na direban allon. Laftof ba za ta taɓa nuna maka waɗannan ba.

Sai ma'ajiyar zane, wato bafa. Cikakken allo bait 153,600 ne, ba kowane cif zai ba ka su ba. Abin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin goma: layi 24 masu faɗin 320, bait 15,360. Ka yi guda biyu, kuma ka tura da DMA, wato sashen cif da ke kwashe bayanai ba tare da furosesa ta tsaya a kai ba. Kamar ɗiban ruwa ne da bokiti biyu: ana cika ɗaya a bakin rijiya yayin da ake kai ɗayan gida. Da bafa ɗaya, lokacin firem shi ne zane haɗe da turawa. Da biyu da DMA, yakan kusanci wanda ya fi tsawo a cikinsu kawai. Sharaɗin shi ne ka kira lv_display_flush_ready bayan DMA ta gama, ba bayan ka fara ta ba, kuma ba ka tsaya kana jiranta a cikin aikin turawa ba. A ESP32 na asali, bafar ta kasance a ram na cikin cif wanda DMA ke iya kaiwa gare shi.

Don awo na gaskiya, esp_timer_get_time yana ba ka maikurosakan a ESP32. In akwai osiloskop a ɗakin gwaji, ka ɗaga wata ƙafa a farkon zane ka sauke a ƙarshe, ka ga faɗin a ido. In babu, kyamarar waya mai ɗaukar hoton jinkiri a firem 120 ko 240 ta isa ta nuna maka tsawon lokacin da ke tsakanin taɓawa da amsawa. Ka yi awon da WiFi a kunne, da ma'aunai suna aiki, domin su ma suna cin rabonsu. Kuma LVGL ba ya son zare biyu, wato ayyuka biyu masu gudana tare, su taɓa shi lokaci ɗaya: in aikin karanta ma'auni yana gudana a zarensa, ya ajiye adadin a wani wuri, zaren zane ya zo ya ɗauka, ko a sa makulli tsakaninsu. A gwajin laftof mai zare ɗaya wannan kuskuren ɓoyewa yake yi.

In bayan duk wannan turawa ce ta fi cin lokaci, ka gajarta wayoyi, ka yi solda maimakon bod ɗin soke-soke, ka gwada ɗaga gudun SPI, ka rage yankin da ke canzawa. In zane ne ya fi ci, ka koma jerin masu nauyi ka cire su ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa a laftof kana tabbatarwa a bod. In kuwa aikin naka lallai yana bukatar babban allo mai motsi, kamar 800 a 480 wanda firem ɗinsa ɗaya bait 768,000 ne, to SPI ba hanyarsa ba ce. Sai ka nemi ESP32-S3 mai ƙarin ram na waje da allon RGB mai layuka da yawa, ko STM32F429 mai sashen tuƙa allo da DMA2D mai hanzarta zane a cikinsa, kuma ka yanke wannan shawarar da biro da takarda kafin ka tura kuɗin oda.